Layin Rawaya a Ɗakin Gwaggo

Ranar da aka zo shafa layin rawaya a lungun gefen gidan, Gwaggo ce ta fi kowa kallo, tunda ita kaɗai ce ba ta da inda za ta. Tagar ɗakinta lungun take kallo. Shekara uku ke nan da ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, sai keken guragu, don haka duk abin da ya gifta ta wannan lungu, ko kyanwa ce, sai ta san da zuwanta.

Mutum biyu ne suka zo daga hukumar kashe gobara, da mai fenti a bayansu riƙe da bokiti. Suka ja tef daga bangon gidan zuwa bangon shagunan da ke fuskantarsa, suka rubuta, suka sake ja. Gwaggo ta yi shekara talatin tana ɗinki kafin ta zauna, tana jin daɗin ta ga mutum yana awo tsakani da Allah. Tun kafin su faɗa ta ce a ranta, ƙafa ashirin. Babbansu ya ce ƙafa ashirin da ɗan ɗoriya. Ta yi murmushi ita kaɗai.

Babban nasu, wani dogo mai faifan rubutu a hammata, ya tara masu shaguna ya yi musu bayani. Ya ce an yi wata gobara a can wani gefen gari, motoci suka iso a kan lokaci amma suka rasa ta inda za su shiga, suna ji suna gani wuri ya ƙone ƙurmus. Tun daga nan aka ce kowane lungu irin wannan a fitar masa da hanya. Tsakanin layuka biyun nan hanyar motar kwana-kwana ce, ko tsintsiya ba a yarda a jingina ba. Duk wata uku za a zo dubawa, wanda aka kama da kaya a kai, shagonsa za a garƙame.

Sai idanu suka koma kan Auta.

Auta ƙanen Gwaggo ne. Shi ne mai gidan, shi ne kuma mai shagon katifa da ke gaban gidan. Furfura ta fara cin ƙarfinsa, ya aurar da 'ya, amma ita har gobe Auta take ce masa, don a bayanta ya yi wayo. Rabin lungun nan kayansa ne: katifu a jere cikin leda an lulluɓe su da tamfol, da ƙullin soso, da buhunan filo. Shekara da shekaru nan ne ma'ajiyarsa.

Da la'asar ya shigo ɗakinta, ya zauna a kan kujerar keken ɗinkinta, yana sosa ƙeya. Ya tambayi jikin, ya tambayi ko maganin ya ƙare, ya dubi rufi ya ce fankar nan na son mai. Ita dai ta san ba fanka ta kawo shi ba.

"Yaya, kin ji abin da mutanen nan suka zo mana da shi. Kwana biyu kawai nake so ki ara mini gefen can, kafin in samu sito."

"Gidanka ne, Auta. Ni za a tambaya?"

"Haba Yaya, ke ce gidan ai."

Kafin magariba 'yan dako sun shigo da katifa goma sha huɗu, suna sallama suna cire takalmi a bakin ƙofa. Aka jera su a jikin bangon da ke fuskantar gadonta. Ɗakin da ma ba wani babba ba ne: gado a gindin taga, keken ɗinki an rufa masa tsohon zane, da ƙaramin kabad. Daga gado zuwa ƙofa taku shida ne ga mai ƙafa. Wannan taku shidan shi ne duniyar Gwaggo. Da safe za ta ja jiki ta zame kan kekenta, ta tura kanta ta fita, ta shiga banɗaki ba tare da ta kira kowa ba, sannan ta tsaya a tsakar gida inda hantsi ke sauka. A nan take tsince shinkafa, ta ɗinke maɓallin da ya cire, suna hira da matar Auta, wadda take kira Amarya duk da an shekara ashirin da kawo ta.

Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata. In ta yi maganar, sai Auta ya ce yana nan yana nema, wanda ya samu yana yoyo, wancan kuma ya yi nisa da shago. Mayar da kaya lungu kuwa babu hali. Mai walda da ke can ƙarshen lungun, tunda aka sa shi ya kwashe ƙarafansa, ya rantse duk wanda ya ajiye ko kwali a kan layin sai ya kai ƙararsa. Lungu ya yi fes, kamar an lashe.

Ranar dubawa ta farko, Amarya ta shigo da sassafe da shayi, ta ajiye, ta ƙi fita. Ta gyara labule, ta sake gyara shi. Can ta ce wai an ce har cikin gidajen da ke jikin lungun za a shiga, kuma doka ta hana a ajiye soso a ɗakin da mutum ke kwana. In suka gani, shago ya rufu.

"Awa ɗaya ne, Gwaggo. Ki dai yi shiru. Rufin asirinmu ne gaba ɗaya, har da ke."

Ta ja ƙofa. Gwaggo ta ji ƙarar kwaɗo daga waje.

Ta zauna cikin duhun labule tana jin takalmansu a tsakar gida. Ta ji an buɗe kicin, an yi maganar tukunyar gas. Takalman suka matso, suka tsaya daidai ƙofarta.

"Wannan ƙofar fa?" Muryar dogon nan ce.

"Sito ne, ranka ya daɗe," in ji Auta.

"Ba mai kwana a ciki?"

"Babu kowa."

Tari ya taso wa Gwaggo a maƙogwaro. Da ta bar shi ya fito, da magana ta ƙare a ranar. Amma sai ta tuna fuskar Auta yana yaro, in an kama shi da laifi, yadda leɓensa ke rawa. Ta cusa bakinta cikin filo har idonta ya kawo ruwa. Ta ji biro yana tafiya a kan takarda. Jami'in ya ce tunda sito ne, a rataya abin kashe wuta a bakin ƙofar. Washegari aka rataya, ja, sabo fil. Aka kuma ba Auta takardar shaida, ya sa mata gilashi ya kafa a shago.

Daga ranar sunan ya bi ɗakin. In mota ta sauke kaya, sai ta ji Auta daga waje yana cewa a kai sito. 'Yan dako suka daina cire takalmi, daga baya suka daina sallama, ba don rashin kunya ba, mutum ba ya yi wa sito sallama. Buhunan filo suka hau kan kabad. Gwangwanayen gam ɗin haɗa soso suka shige ƙarƙashin keken ɗinki, warinsu na hawa kai. Aka jingina wata babbar katifa a kan makunnin fitila, sai ya zama in rana ta faɗi, ta faɗi ke nan har a ɗakin.

Gwaggo na da tsohon tef ɗinta na awo a ƙarƙashin filo, tare da almakashinta. Lambobin farkonsa sun goge, amma ta san su da ka. Ta auna kekenta daga taya zuwa taya, inci ashirin da shida. Ta auna hanyar da ta rage tsakanin kaya da kaya, inci hamsin. Bayan mako biyu ta sake aunawa, arba'in da ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba. Kullum da safe, kafin ta sha shayi, sai ta sunkuya ta miƙa tef. Ranar da ta ga talatin da uku, shayin a kofi ya huce.

Ta yi wa Amarya magana. Amarya ta ce ita ma ai a cikin kaya take, ta je ta ga ƙarƙashin gadonta. Ta yi wa Auta magana. Ya ce ta ƙara haƙuri, kasuwa ce ta tsaya, da zarar kaya sun fara fita za ta ga ɗakin kamar filin ƙwallo. 'Yar Auta ta zo ganin gida, ta shiga gaishe ta a karkace, ta tsaya tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce wallahi sai ta yi wa Baba magana. Da yamma mijinta ya zo ya ɗauke ta.

Ana saura kwana uku dubawa ta biyu, mai fenti ya dawo sabunta layi. Gwaggo ta daɗe tana kallonsa ta taga. Ta ga mai kura ya taho da kaya, ya zo daidai layin ya karkace. Ta ga mai shayi ya ja bencinsa baya da taku ɗaya, ba wanda ya ce masa komai. Ta ga Auta da kansa, Auta da ba ya jin maganar kowa, ya ɗauke wani kwali da gefensa ya ɗan taɓa rawayar. Ta ce a ranta, ashe akwai abin da ake tsoro a gidan nan.

Ta ƙwanƙwasa ƙarfen taga ta kira mai fentin. Mutum ne mai ƙiba, da ɗigon fenti har a gemu. Ta tambaye shi ko zai rage mata kaɗan a gindin bokiti, ta faɗa masa abin da take so. Ya leƙa ta tsakanin ƙarafan, ya ga katifu har rufi. Sannan ya ƙaƙalo dariya.

"Mama, ke ma motar kwana-kwana ce?"

"Tawa motar ma ta fi taku ƙanƙanta. Inci ashirin da shida ce. Ka ba ni talatin, kada in goge fenti."

Amarya ta bar shi ya shiga, tana dariya tana cewa Gwaggo da rigima. Ya durƙusa a kan siminti, Gwaggo na riƙe da bakin tef daga kan gado, ya ja layi biyu daga ƙafar gado har bakin ƙofa, miƙaƙƙu kamar ɗinkin keke. Da ya gama ya tsaya yana goge hannu, kamar zai ce wani abu. Sai ya ce Allah ya ba da lafiya, ya fita.

Kwana goma sha ɗaya layin ya yi aiki. 'Yan dako in suka shigo da kaya, ƙafarsu da kanta take kauce masa. Har wani ya gyara buhun da ya leƙo kai. A kwanakin nan Gwaggo ta koma shan hantsi da sakin jiki, har ta rage wa Amarya wata riga da hannu. An yi dubawa ta biyu, an sake kulle ta na awa ɗaya, ba ta ma ji zafin abin sosai ba.

Auta bai lura da layin ba sai a rana ta goma sha biyu, da ya shigo neman wata katifa. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya fara dariya, sai dariyar ta tsaya da aka gaya masa wanda ya ja.

"Yaya, mutumin hukuma kika shigo da shi? Ya gan ki a nan? Ni na ce musu sito ne, sun rubuta, na sa hannu. So kike a ɗaure ni?"

"So nake in riƙa zuwa banɗaki da kaina."

"Wa ya hana ki? Kina ci, kina sha, ana sayo miki magani. Wasu 'yan'uwan da tuni sun gaji."

Ya fita yana huci, ya dawo da kafinta. Aka buga falanki a tagar daga waje, aka bar ɗan tsagi a sama kamar faɗin tafin hannu don iska. Ya ce jami'an nan sukan ratsa ba sanarwa, in suka ga fuska a tagar sito, ya shiga uku. Da maƙwabta suka tambayi ina tsohuwar taga, sai ya ce ta koma wajen dangi, can ta fi samun kulawa. Gwaggo na jin sa ta cikin falankin. Ta ji mai walda yana cewa Allah sarki, ko sallama ba a yi ba.

A makon ne babbar mota ta kawo kaya. Shago ya cika, ɗakin Amarya ya cika, saura katifa tara a bakin titi, hadari kuma ya haɗo. 'Yan dako suka tsaya a bakin ƙofa da katifa a ka, suna kallon layin.

"Ku ajiye mana," in ji Auta. "Wannan ai ba na hukuma ba ne. Wa zai zo duba shi?"

Da safe ta miƙa tef. Inci ashirin da biyu. Ta zame kan keken duk da haka, ta tura, tayoyin suka cije a jikin leda. Ta ja baya ta sake turawa. Tana nan maƙale har Amarya ta zo ta cicciɓe ta ta mayar gado. Da rana aka naɗe keken aka ɗora shi can saman katifu, wai yana tare hanya.

Aka kawo mata fo.

Amarya ce ke fitar da shi, a karkace, tana riƙe numfashi. Ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa: ga girki, ga jiran shago in Auta ya fita, ga ciwon baya. Wani lokaci ta zo da wuri, wani lokaci sai azahar. In ta makara takan ce, "Ke ai Gwaggo kin huta, ba inda za ki. Mu ne muke ta fama." Gwaggo ta rage shan ruwa don ta rage kiran mutane. Alwala ta koma taimama a jikin bango. Tari ya kama ta, irin mai tashi daga ƙasan ƙirji, Auta ya ce sanyi ne, ya sayo mata maganin tari mai zaƙi. Ƙugunta ya fara ciwo saboda kwanciya. Ba ta ƙara ganin rana ba sai wani siririn haske da ke shigowa ta tsagin falanki, ya bi bango a hankali ya fita. Da shi take sanin lokacin sallah.

Da filo biyu suka ɓata, Auta ya ce duk sanda Amarya za ta fita ta riƙa kulle ɗakin. Ba don Gwaggo ba, in ji shi, don kaya.

Ranar da abin ya faru, rana ce tsaka mai zafi. Auta ya tafi tasha karɓo kaya, ya kulle shago. Amarya ta tafi asibiti a duba mata bayanta, ta kulle ɗaki. An daɗe ba wuta, sai aka kawo ta da ƙarfi. Gwaggo ta ji fanka ta zabura tana gudu kamar za ta tsinke, ta ji wani abu ya fashe a can gaba. Sai wari, ba irin na gam da ta saba ba. Sai hayaƙi ya fara sauka ta gefen silin, baƙi, mai nauyi.

Ta kira Amarya, alhali ta san ba ta nan. Ta ji ihu a titi, ana salati, ana cewa a kawo ruwa. Ta dubi hanyar ƙofa. Ko da ta ja ciki ta kai, akwai kwaɗo. Abin kashe wutar nan ja yana rataye a ɗaya gefen ƙofar.

Ba a jima ba ta ji jiniya. Motar ta shigo lungun ba ta ko rage gudu ba, ba abin da ya tare ta. Jan jikinta ya gifta ta tsagin falanki, ta tsaya, injin ruwa ya kama ruri. Takalma suka yi ta gudu a gindin tagarta.

"Akwai mutum a gidan?"

Aka ce mai gidan na tasha, matar ta fita.

"Wannan tagar fa?"

"Da akwai wata tsohuwa," muryar mai walda ce, "amma an ce ta koma wajen dangi."

Sai wata murya, ta mai karanta takarda, ta ce, "Sito ne. Soso ne a ciki. Ku tare wutar daga gaba kada ta iso nan."

Takalman suka yi gaba.

Gwaggo ta buɗe baki ta ce ina nan. Abin da ya fito ko ita ba ta ji shi ba. Ta sake gwadawa, tari ya turnuƙe ta. Wannan karon so take a ji tarin, injin ya hana. Ta laluba ƙarƙashin filo, hannunta ya faɗa kan almakashi. Ta ja jiki ta jingina da bango, ta ɗaga hannu ta fara dukan ƙarfen taga. Ta buga, ta huta, ta buga. Idonta ya daina gani, hannun bai daina ba.

Cikin mutum ɗari da ke lungun, mai walda kaɗai ya ji. Kunnensa ya san kukan ƙarfe. Ya ce a tsaya, wannan ba zafi ne ke sa ƙarfe ƙara ba, hannu ne. Aka ɓalle falankin. Ya ruga shagonsa ya ɗauko abin yanka, ya yanke sanduna uku, aka zaro ta ta taga kamar ana zaro tsumma daga rami. Da ya ga fuskarta sai ya saki abin yankan a ƙasa.

Kwana tara ta yi a asibiti da robar iska a hanci. Shago ya ƙone, amma wutar ba ta kai ɗakinta ba, an tare ta. Auta ya zo ya durƙusa a gefen gado ya yi kuka, kuka na gaske, da majina. Ya ce shi ya cuce ta, ya ce da ta mutu da bai san inda zai sa kansa ba. Ta ɗora hannu a kansa. Da ya share fuska sai ya matso, ya rage murya. Ya ce jami'in nan zai zo gobe ya yi mata tambaya. In ta ce a ɗakin take kwana, ƙarya a takardar hukuma ce, kotu ce. Shago ya riga ya tafi, in shi ma aka tafi da shi, wa zai riƙe gidan? Wa zai riƙe ta?

Dogon ya zo da faifansa. Ya gaishe ta da ladabi, ya ja kujera. Auta na tsaye a bayansa, leɓensa na rawa.

"Mama, ki gaya mini gaskiya, ba abin da zai same ki. A ɗakin nan kike kwana?"

Ta dubi faifan. Ta dubi bayan jami'in. Ta yi tunanin inda za a kai ta in ba gidan Auta ba, ta duba ko'ina a ranta ba ta ga wurin ba.

"Ranar ce kawai aka ajiye ni. Ana gyaran ɗakina."

"Aka kulle ki da kwaɗo?"

"Mantuwa ce, ɗana."

Ya daɗe yana kallonta. Shi ya san ƙarya ce, ita ma ta san ya sani. Amma takardarsa na da gurbin abin da aka faɗa, ba ta da gurbin abin da aka gani a ido. Ya rubuta, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi.

A hanyar dawowa Auta ya yi ta ba ta labari. Wai hukuma ta yaba da lungunsu. Wai daga shigowar mota zuwa sakin ruwa ko minti biyu ba a yi ba, har an kawo 'yan kasuwa daga wasu unguwanni su ga yadda ake kula da hanya. Ya ce da lungun a cushe yake kamar da, da gidan gaba ɗaya ya tafi. Gaskiya ya faɗa.

Da suka iso, shi ya ɗauke ta a hannu. A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya, ya juya a karkace, ya ce ta ɗan naɗe hannunta. Duk abin da aka tsamo daga shago yana ciki, wasu katifun da tabon ruwa, wasu da warin ƙauri. Yanzu ba shago, in ji shi, nan ne kaɗai ya rage, na ɗan lokaci ne kafin a yi rufi. Keken ɗinki ba a ganinsa. Keken guragu na can sama, taya ɗaya ta leƙo. An mayar da sandunan taga. Mai walda ya ƙi yin aikin, ya ce a nemi wani, aka kuwa nemo wani, ya sa masu kauri. An buga sabon falanki, tunda a takarda har yanzu sito ne.

Ya kwantar da ita, ya gyara mata filo, ya ce ko tana son wani abu. Ta ce a'a.

Da ya fita ta laluba. Almakashin ba ya nan, ya faɗi a lungu ranar, amma tef ɗin na nan inda ta bar shi. Ta sunkuya da ƙyar, ƙirjinta na ƙara kamar tsohon zugazugi, ta miƙa shi daga leda zuwa leda. Inci goma sha huɗu. Ta nemi layinta ba ta gani ba, sai wani ɗan ɗigon rawaya a gindin ƙafar gado, inda burushi ya fara sauka.

A waje ta ji ana jan bokiti a kan siminti. Tayoyin motar kwana-kwana da ruwan gobara sun ɓata layin lungu, an aiko a sabunta shi kafin dubawa ta gaba. Ta ji burushin yana tafiya a hankali, ya matso, ya zo daidai tagarta ya tsaya. Ta riƙe numfashi. Ta jira a ƙwanƙwasa falankin, ko a ce Mama. Can sai burushin ya ci gaba.

Ƙafa ashirin aka ware wa mota, ana sharewa, ana shafawa, ana zuwa dubawa duk wata uku, da takarda da sa hannu. Ita inci talatin ta roƙa. Ta naɗe tef ɗin a yatsa kamar yadda ta saba in ta gama aiki, ta tura shi ƙarƙashin filo.

Daga tsakar gida Amarya ta ɗaga murya ta ce za ta je ta dawo, ba za ta daɗe ba. Aka ja ƙofa. Kwaɗo ya yi ƙara.